Wai kofin mai shayi ba kofi ba ne? Ku zo ku raba mu

Telan Fagge: Salamu alaikum 'yan gida. Dan Allah ku raba ni da ƙanina, jiya mun kusa awa ɗaya muna musu a shago har aikin mutane ya tsaya. Ni dai na kai shekara goma sha biyu ina shan kofi, kuma a bakin aiki na koya, lokacin ɗinkin sallah da muke kwana kan keke, wani mai shayi a bakin layinmu shi yake haɗa min, cokali ɗaya na garin Nescafe, madarar gwangwani, sukari cokali biyu, ya ɗaga kofi sama ya tsiyayo a ɗayan ya sake mayarwa har sai kumfa ta taso, in na kurɓa ɗin nan wallahi har tsakiyar kaina nake jin ido ya buɗe. To yaron nan ya je karatu waje ya dawo da wata 'yar tukunyar ƙarfe mai hawa biyu, da kansa yake niƙa ƙwayar, ya ɗanɗana nawa yace Yaya wannan ai ruwan madara ne da sukari, kai tunda kake baka taɓa shan kofi ba. Ya haɗa min nashi baƙi ƙirin ba sukari, kurɓa ɗaya nayi na ajiye, ɗaci kamar maɗaci. Maganar ta min ciwo gaskiya domin abu ne da nake so. Shine nace bari in kawo ta nan, ku yaya kuke shan naku, da wane lokaci, kuma da gaske ne na mai shayi baya cikin lissafi?

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Malam sha abinka. Ni ma haka nake sha, da safe bayan yara sun tafi makaranta, madara da yawa sukari kaɗan, da biredi ko ƙosai. Minti goman nan shi kaɗai ne nawa a duk yinin.

Mai Shayin Tasha: To ga mai sana'ar ya iso. Oga tela ka gaida min ƙanin naka kace masa shekarata ashirin a kan tebur. Ana sallame asuba nake hura wuta, kuma wanda yake fara zama a benci direban da ya kwana a hanya ne ko maigadi da ya tashi daga aiki. Mafi yawa Lipton suke nema ko ruwan bunu, masu neman kofi basu kai su yawa ba, amma fa su ne basa fashi, mai shan shayi zai iya ƙetare kwana biyu bai zo ba, mai kofi kuwa ko ruwan sama ake zai zo da buhu a ka. Kuma kowa da hannunsa. Akwai mai cewa a saka masa rabin cokali a cikin shayin kawai don ƙamshi, akwai wani dattijo da yake shan baƙi da citta ba madara, akwai masu cewa a yi kauri har cokali ya kusa tsayawa. Duk na haddace, ba sai mutum ya buɗe baki ba. Yanzu a ce duk mutanen nan ba kofi suke sha ba?

Injiniya KD: Baba mai shayi Allah ya ƙara albarka a sana'a, ba wanda ya raina ka. Amma yaron nan yana da gaskiya ta wani wajen. In ka zuba madarar gwangwani da sukari cokali biyu, me ya rage da harshe zai ji? Ni ma da na mai shayi na fara, ranar da na sha wanda aka soya aka niƙa a gabana na gane abu biyu ne daban. Ƙamshin kaɗai ya isa.

Mai Shayin Tasha: Injiniya abu biyu ne daban na yarda, tuwon shinkafa ma daban yake da na dawa, amma duk tuwo ne.

Injiniya KD: Na karɓa. Kuma bari in yi adalci, garin gwangwanin kofi ne na gaske, ba wani haɗin kemikal bane kamar yadda wasu suke zato. A kamfani ake soya ƙwayar a niƙa a dafa ta kamar yadda zaka dafa a gida amma a manyan tukwane, sannan a busar da ruwan, ko dai a fesa shi cikin iska mai zafi ya zama gari ko a daskarar dashi a janye ruwan, abin da ya saura shine kake zubawa ya narke nan take. A 1938 kamfanin Nestlé ya fara fitar da Nescafe a Suwizalan. Abin da yake ɓacewa a hanyar nan ƙamshi ne, shi yasa nake cewa akwai bambanci. Sannan yawancin na gari da irin robusta ake yinsa, wanda ya fi ɗaci ya fi ƙarfi, kafeyin ɗinsa, wato sinadarin da yake hana barci, ya kusa ninka na ɗaya irin da ake kira arabika. Wanda ni bana goyon baya shine na 'yar ledar nan mai haɗi uku, ku juya bayan ledar ku karanta, a yawancinsu sukari ne a farkon jeri, kuma abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa.

Telan Fagge: Alhamdulillah, ko wannan kaɗai na samu abin faɗa masa. Amma Injiniya me yasa nashi yake da ɗacin nan haka, ko haka ake shansa dole?

Injiniya KD: A'a ba dole bane, inaga ƙona shi yake. Tukunyar nan moka ake ce mata, ƙirar Italiya ce tun 1933. Ruwa a ƙasa, gari a tsakiya, tururi ya turo ruwan ya ratsa garin ya hau sama. In wuta tayi yawa ko aka barta tana ta kururuwa bayan ruwan ya ƙare to sai ɗaci. Kace masa ya fara da ruwan zafi a ƙasan, ya rage wuta, kar ya danna garin da cokali, kuma da ya ji ta fara ƙara kamar mai kurkurar baki ya sauke. Sannan su Italiyawan ma da yawansu da sukari suke sha, da safe kuma da madara. Ban san inda matasanmu suka samo cewa shan baƙi ba sukari shine wayewa ba.

Hajiya Mai Turare: Ku duk kuna ta maganar baƙin kofi, ni kuwa wanda na sani ba baƙi bane sam. Tun zuwana Umra na farko na kamu da gahawar Larabawa kuma har yau ita ce tawa. Sama-sama suke soya ƙwayar, bata yin duhu, idan an dafa sai ta fito ruwan ɗorawa-ɗorawa kamar shayin da bai ji ganye ba, a zuba hel da yawa, kayan ƙamshin nan da Turawa suke kira cardamom, wasu su ƙara za'afaran ko kanumfari. Ba madara ba sukari, dabino shine sukarinta, ka gutsira ka kurɓa. A butar nan mai dogon baki da suke kira dalla ake kawowa, mai zubawa ya riƙe ta da hagu ya miƙo maka ɗan finjali da dama, kuma ba a cikawa, ɗan kaɗan ne a ƙasa, kana shanyewa a ƙara maka. Wata baiwar Allah a Madina ita ta koya min cewa in ya isheki sai ki ɗan girgiza finjalin kafin ki miƙa, in ba haka ba zubawa za a yi ta yi. Su a wajensu karrama baƙo ne, har shekarar 2022 gaba ɗaya gwamnatinsu ta sa mata sunan shekarar gahawar Saudiyya. Yanzu duk Juma'a bayan la'asar nake dafawa a gida, maƙwabta su shigo, in kunna turaren wuta, har maigidan da yake cewa ruwan magani ne yanzu shi yake tuna min.

Uwar Biyu: Hajiya a ina kike samun kayan a nan gida?

Hajiya Mai Turare: 'Yar uwa masu kayan Saudiyya a kasuwa suna kawo wadda aka riga aka haɗa da hel, amma ki duba kwanan wata, in ta daɗe ƙamshin ya gudu. Ni ƙwaya nake sa a taho min da ita, in daka daidai ta sati ɗaya in rufe a kwalba.

Ɗan Maiurno: Gaisuwa ga 'yan uwa. Ni Bahaushen Sudan ne, kakanninmu suna cikin waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna a bakin kogi kusa da Sinnar. Hajiya taki gahawa ce mai sanyin hali, tamu jabana ce, zafi gareta. Mahaifiyata kan gawayi take soyawa a ɗan kasko mai dogon hannu, tana kaɗawa har ƙwayar tayi baƙi tana ƙyalli, sai ta zagaya da kaskon kowa ya shaƙi hayaƙin, sannan ta daka a ɗan turmi tare da busasshiyar citta, kuma ƙarar turmin nan ita ce gayyata, maƙwabciya in ta ji ta san an ɗora sai ta yafo mayafi ta shigo. A tafasa, a juye a tulun yumɓu ɗan ƙarami mai dogon wuya, shine jabanar, a toshe bakin da zaren jikin dabino don ya tace. Sukari kuwa a finjali ake zubawa, da yawa. Ba a shan jabana a tsaye, kuma ba a shanta mutum ɗaya. Tunda yaƙi ya ɓarke a 2023 iyalinmu suka watse, wasu nan wasu can, kaya kaɗan aka iya ɗauka amma tsohuwa sai da ta naɗe jabanarta a zani ta sa a jaka. Ranar da ta sake dafawa a inda muka sauka ba wanda bai yi hawaye ba. Don haka ɗan uwa tela, wanda ya haɗa maka da hannunsa kuna gaisawa yana tambayarka iyali, kar ka bari a ce maka ba komai kake sha ba.

Telan Fagge: Allahu akbar. Allah ya kawo muku zaman lafiya ya haɗa kan iyali, ya ƙara wa Mama lafiya.

Hajiya Mai Turare: Amin ya Rabbi. Ɗana ka gaishe ta da kyau.

Malamin Tarihi: Amin. Tunda an taɓo asali bari in ɗan sa baki. Ku lura muna da suna biyu, gahawa da kofi, kuma kalma ɗaya ce ta biyo hanya biyu ta iso mu. Larabawa suka ce ƙahwa, mu muka ɗauko kai tsaye muka ce gahawa. Turkawa suka karɓa suka ce kahve, daga nan ta shiga bakin Turawa, ta zagayo ta teku ta dawo mana a gwangwani da sunan kofi. Shi kuma kofin da muke zuba ruwa a ciki wata kalmar Turanci ce daban, haɗuwa kawai suka yi a bakinmu, shi yasa zaka ce a baka kofin kofi. Itacen arabika asalinsa tsaunukan Habasha ne, har yanzu kuma Habasha ce kan gaba a Afirka wajen nomansa. Amma shan gahawa yadda muka santa a Yaman aka fara tabbatar dashi a ƙarni na 15, wajen sufaye da suke sha don su iya tsayuwar dare da zikiri. Tashar jiragen ruwa ta Moka a Yaman a da daga nan ake fitar da ita, sunan tukunyar ƙanin naka ma daga can ya samo asali. A 1511 wani mai mulkin Makka da ake kira Kha'ir Beg ya hana shanta, amma hanin bai daɗe ba ya faɗi. Kaga tela, mutanen farko da suka riƙe ta masu kwana ido biyu ne a kan aikinsu, kamar kai a kan keke.

Direban Dare: Ni ba ruwana da ƙamshi ko asali, in faɗi gaskiya. Kano zuwa Legas nake yi. Fulas nake cikawa, cokali huɗu, baƙi, in haɗa da goro. Shi yake kai ni.

Nas ta Zariya: Yaya direba dan Allah tsaya, maganarka ce ta sa na fito, da karatu kawai nake. Goro ma kafeyin ne a cikinsa, kenan abu ɗaya kake ninkawa. Kuma ka gane yadda yake aiki, kafeyin baya cire gajiya, akwai wani sinadari da yake taruwa a ƙwaƙwalwa tun daga tashinka wanda shi yake sa ka ji barci, kafeyin zuwa yake ya tare wajen da sinadarin yake zama, sai ka daina jin saƙon, amma gajiyar tana nan tana taruwa, in ya sake ka sai ta faɗo maka gaba ɗaya, kuma a kan sitiyari daƙiƙa uku ta isa. Mu masu aikin dare mun san wannan a jikinmu, ni ma ina sha wajen ƙarfe goma sha ɗaya in ina duti, amma kofi ɗaya. Abin da hukumomin lafiya na Amurka da Turai suka faɗa shine babba mai lafiya kar ya wuce miligiram 400 a yini, kofi ɗaya na gari kuma yana kaiwa 60 zuwa 100 gwargwadon cikar cokalinka. Mai ciki kar ta wuce 200, domin jikinta yana daɗewa bai fitar dashi ba. Sannan wajen awa biyar yake ɗauka kafin rabinsa ya bar jini, wanda ya sha da magariba tsakar dare rabi yana nan, shi yasa mutum zai ce ai ni ina barci na lafiya, eh kana yi amma ba mai nauyi ba, ka tashi a gajiye ka ƙara cokali, haka abin yake zagayawa. In barci ya zo maka a hanya ka faka a wajen da yake da tsaro ka kwanta ko minti ashirin ne, yaranka suna jiranka.

Direban Dare: Anti nas kin faɗi gaskiya, akwai ranar da na ga titi ya rabu biyu wajen asuba, sai da na tsaya na wanke fuska jikina yana rawa. Matsalar masu kaya ne da suke ƙirga maka awa. Amma na ji, zan rage goron in na sha.

Uwar Biyu: Nas ni tambayata, an ce min jinina yayi ƙasa, wata tace in bar kofi. Haka ne?

Nas ta Zariya: Ba lallai ki bari gaba ɗaya ba, amma kofi da shayi duka suna rage yadda jiki yake tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci in an sha su tare. Ki raba su, ki bada tazarar awa ɗaya ko biyu tsakaninsa da abinci ko maganin ƙarin jini. Masu olsa da masu ƙwannafi da wanda hawan jininsa bai daidaita ba su kuma su tambayi likitan da yake duba su, kowa da jikinsa.

Ɗan Damagaram: Mu nan Nijar gaskiya shayi ne sarki, a fada, wato majalisar samari, in an ɗora 'yar buta kan gawayi sai an yi zagaye uku kafin a tashi, kafe na safe ne wajen mai tebur da burodi. Amma ina da abin da zan ba tela. Na yi zaman shekara biyu a Dakar wajen kasuwanci, can kowane lungu da mai tura kafe Tuba, sunan birnin Muridawa mabiya Shehu Ahmadu Bamba. Na sha na ji wani yaji-yaji a maƙogwaro da na sani amma na kasa tunawa, na tambayi mai sayarwa yace jar ne, ya ciro ya nuna mini. Jama'a kimba ce. Kimbar nan tamu da ake sawa a kunu da yajin jego. Tare suke soya ta da ƙwayar kafe su niƙa, wasu su ƙara kanumfari, su tace da ƙyalle, su sa sukari sosai, kuma mai sayarwa sai ya ɗaga kofi ya tsiyaya a wani ya mayar har kumfa ta tashi, sak yadda mai shayinka yake yi. Ƙasa guda ke shan wannan, masu kuɗi da talakawa, ba wanda ya ce musu ba kafe bane.

Mai Shayin Tasha: Kimba a kofi? Wallahi gobe zan gwada wa dattijon nan mai shan baƙi da citta.

Ɗan Damagaram: Baba ka ɗan gasa ta tukuna kuma kar ka cika, sili ɗaya ya isa buta ƙarama, in tayi yawa ɗaci take.

Yaron Nima: Mu a Zango a Akra duk abin da aka zuba wa ruwan zafi ti muke ce masa, Milo ma ti ne. Safiya ta koko da ƙosai ce, dare na ataya. Ni kaɗai ne mai shan kofi a gidanmu, a wajen aiki na koya.

Ɗan Gembu: Ina ta jira in ga ko wani zai ambata, har yanzu shiru. Jama'a ana noman kofi a Najeriya fa, kuma arabika, a kan tsaunin Mambila a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba. Wajen yana da tudu sosai, sama da mita 1,500, ga sanyi ga ruwan sama, irin yanayin da arabika take so kenan. Cibiyar binciken koko ta ƙasa da take Ibadan ita take kula da binciken kofi da ganyen shayi, tana da reshe a Kusuku nan Mambila, gonar shayi ta Kakara ma nan take. A bayan gidan kakana na tashi ina ganin itatuwan, shekara uku zuwa huɗu suke yi kafin su fara 'ya'ya, fure fari mai ƙamshi, 'ya'yan su fito kore su nuna su koma ja jawur, da hannu ake tsinka ɗaya bayan ɗaya domin basa nuna lokaci guda, a cikin kowanne ƙwaya biyu ce suna fuskantar juna. Muna yara mukan tsotsi ɓawon, zaƙi gareshi. A cire ɓawo a wanke a shanya kwana da kwanaki ana juyawa. Wahala ce ta gaske. Kakana yana cewa da can akwai hukumar da take saye, da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986 sai manomi ya koma neman mai saye da kansa, shi da maƙwabtansa da yawa suka sare suka shuka masara. Abin da yake min zafi, a cikin garinmu zaka ga mutum yana shan na gwangwani da aka shigo dashi daga waje alhali itacen yana bayan gidansa.

Injiniya KD: Kai, wannan ban sani ba wallahi, ni na Habasha nake saya da tsada a Abuja. Kuma tsadar ba ƙarama ba, fari ya taɓa Barazil da Biyetnam waɗanda su ne manyan masu noma a duniya, har a Fabrairun 2025 farashin arabika ya haura dala 4 kan abin da bai kai rabin kilo ba, ga naira ta faɗi tun 2023. Ɗan Gembu in akwai mai soyawa da kyau a wajenku ni mai saye ne.

Ɗan Gembu: Ɗanya ta fi sauƙin samu, suyar ce ba kowa ya iya ba. Amma tunda ga ɗan Maiurno a nan ai an samu malami.

Uwar Biyu: Ni wata tambayar, azumi fa? Kwana ukun farko kaina kamar zai tsage.

Nas ta Zariya: Rashin kafeyin ɗin ne, yakan fara awa 12 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, ya ɗauki kwana biyu har zuwa sati ko fiye kaɗan. Tun Sha'aban ki fara ragewa, cokali ya koma rabi, rabi ya koma kwata, kafin a ga wata jiki ya saba.

Hajiya Mai Turare: Ni da azumi bayan buɗa baki nake shan finjali biyu da dabino, sai in samu ƙarfin tarawi. Akwai kuma na ƙwallon dabino da mata suke yi yanzu, a wanke a soya a niƙa, kala da ƙamshi kamar gahawa amma ba kafeyin, wanda likita ya hana sai ya rage kwaɗayi dashi.

Injiniya KD: Hajiya wannan kam ni da ƙanin tela zamu haɗu mu ce ba kofi bane.

Hajiya Mai Turare: Na yarda Injiniya, ai sunansa ma ya faɗa, dabino ne.

Telan Fagge: Jama'a na dawo da rahoto bayan kwana biyu. Na nuna wa yaron duk abin da kuka rubuta, ya karanta yayi shiru, da ya zo kan na ɗan Maiurno ya daɗe yana kallon wayar. Jiya da yamma ya kawo tukunyar shago muka ɗora a kan ɗan risho, ya rage wuta kamar yadda Injiniya yace, ya sauke da wuri, na daka citta da sili ɗaya na kimba muka sa a garin, na zuba sukari cokali ɗaya a nawa shi ma ya miƙo nashi yace in sa masa rabi. Wallahi daban yake da na ranar nan, ɗacin ya kwanta, ƙamshi ya cika shagon har mai gyaran waya na kusa damu ya leƙo yana tambayar me ake dafawa, muka zuba masa. Yau da asuba kuma na koma bencin mai shayina kamar kullum kuma tare muka je da ƙanin nawa, shi yace a yi masa mai kauri. Na kuma daina na bayan magariba saboda maganar nas, sai in ɗinkin sallah ya zo mu ga yadda za a yi. Ɗan Gembu ina son mudu ɗaya ta ɗanyar in da hali, zan bi ka ta akwati. Ɗan Maiurno kai kuma dan Allah ka tambayar min Mama, yaya ake gane suya tayi, kar in ƙona.

Ɗan Maiurno: Na tambaye ta yanzu tana gaishe ka. Tace wuta kar tayi yawa, garwashi ne ba harshen wuta ba, kuma hannunka kar ya tsaya da kaɗawa. Zaka ga ta tashi daga kore ta koma ruwan ƙasa, sai ka ji ta fara fashewa ƙas-ƙas kamar gugguru, daga nan ka sa ido sosai. In kana son mai sauƙi ka sauke jim kaɗan bayan ƙarar farko, in irin tamu kake so ka jira har ta fara ƙyallin mai. Ka juye a faranti ka fifita ta huce, ɓawon zai tashi da kansa. Tace kuma kar ka soya mudun gaba ɗaya, cikin tafin hannu biyu ya ishe ku ku uku.